Yadda ake gano asalin kalmar Turanci, mu bi diddigin "depresso" mataki-mataki

Akwai wata kalma da take yawo a Facebook da status na WhatsApp, ana buga ta a jikin kofuna da riguna, masu shagunan gahawa a Turai da Amurka kuma suna rubuta ta da alli a allon da suke ajiyewa bakin ƙofa, wato depresso. Ma'anar da suke ba ta ita ce halin da mutum yake shiga in ya tashi da safe ya tarar gahawarsa ta ƙare, jiki a mace, rai a ɓace, ko gaisuwa baya son amsawa. Wani lokaci kuma zaka ganta cikin wani ɗan take da suke yi, more espresso less depresso, ma'ana a ƙara gahawa a rage ƙunci, ita espresso ɗin wata irin gahawa ce mai kauri ta Italiya.

Na zaɓi wannan kalmar ne saboda ƙarama ce amma duk tarkon da mai binciken asalin kalma yake faɗawa yana cikinta, in ka iya bin diddiginta to zaka iya bin na kowace kalmar Turanci. Kuma abin yana damuna sosai yadda muke tura wa juna labaran ƙarya akan asalin kalmomi, wani ya zauna ya ƙirƙiro abu mai daɗin ji, kafin la'asar ya zaga group goma, gobe ka ji ɗalibi ya faɗe shi a aji ko mai gabatar da shiri ya karanto shi a rediyo kamar karatun da aka tabbatar, alhali aikin tantancewar ba wuya gare shi ba, waya ce da data kaɗan da ɗan littafi da biro, shikenan.

Mataki na farko, ka tabbatar da abin da kalmar take nufi a bakin masu amfani da ita

Kar ka fara da tambayar daga ina ta zo, fara da me ake nufi da ita. Ka nemo jimloli kamar biyar zuwa goma da mutane daban-daban suka sa ta a ciki, ka kwafe su a littafinka da inda ka gansu. Dalili kuwa Turanci yana da kalmomi da yawa akan rashin gahawa kuma mutane suna cakuɗa su. Depresso halin zuciyar mutum ce. Uncaffeinated ana faɗa wa mutumin da bai riga ya sha ba tun safe, ana kuma faɗa wa abin shan da dama can babu caffeine a cikinsa, wato sinadarin kafin mai wartsakar da jiki. Decaf kuma ita gahawar ce da kanta wadda aka cire mata sinadarin. Akwai coffeeless da latteless, wato babu gahawa, babu latte, gahawa mai madara kenan. Kaga duka rashi ne amma kowacce da hanyar da aka gina ta, in ka haɗa su wuri ɗaya tun farko to duk abin da zaka gina a kai ya karkace.

Mataki na biyu, ka farfasa ta

Mafi yawan kalmomin Turanci masu ɗan tsawo haɗe-haɗe ne, ko dai an liƙa wani abu a gaba ko a baya, ko kuma an ɗauko kalmomi biyu an narke su sun zama ɗaya. Na liƙawar su ne irin su un a gaba, less a baya, waɗannan biyun 'yan gida ne tun tsohon Turanci, sai de a gaba wadda ita daga Latin ta zo, tana nufin ƙasa ko cirewa. Saboda haka latteless ba ta da wani ɓoyayyen abu, latte ce da less, ita latte ɗin kuma madara ce da Italiyanci, an gajarto ta daga caffè latte, shi yasa in ka shiga shago a Italiya ka ce a baka latte kawai, madara zalla za a miƙo maka.

Depresso fa? Anan ne mutane da yawa suke zamewa. Ido yana ganin de a gaba sai ya ce ai irin ta decaf ce, an cire espresso, de da espresso, magana ta ƙare. Amma ka gwada ta da ma'anar da ka tattara a matakin farko. In da cirewa ce da sai ta zama sunan wani abu da aka cire wa espresso, to amma ita sunan ƙuncin zuciya ce, kenan akwai depress ko depression a cikinta. Abin da aka yi shi ne an ɗauki kan depress an haɗa da wutsiyar espresso, kuma abin ya zauna daram saboda dukkansu suna da press a tsakiya. Irin wannan narkewar Turawa sun saba da ita, smog hayaƙi ne da hazo, smoke da fog, tun 1905 ake amfani da ita, motel kuma motor da hotel ce daga 1925, brunch karin kumallo ne da abincin rana. Ka rubuta duka hanyoyin biyu a littafinka, ka ja layi akan wadda ba ta dace da ma'ana ba, kar ka goge ta, zata yi maka amfani in wani ya zo yana musu.

Mataki na uku, ka buɗe ƙamus, amma ka san wanne ne na wane aiki

Nan zan ɗan daɗe domin nan ne aikin yake. Ba kowane ƙamus ne yake ba da asali ba, na makaranta da muka saba da su ma'ana kawai suke bayarwa. Wanda ya fi sauƙin shiga kuma kyauta shi ne Online Etymology Dictionary, ana kiransa Etymonline, wani Ba'amurke Douglas Harper ne ya fara shi a 2001, ba ya cin data sosai. Sai Merriam-Webster, in ka gangara ƙasan shafin kalma zaka ga asali da shekarar da aka fara ganinta a rubuce. Babban su duka shi ne Oxford English Dictionary, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 aka kammala bugun farko a 1928, shi yana jero maka ainihin jimlolin da aka samu tun daga mafi tsufa, sai dai cikakkensa na kuɗi ne, in kana jami'a ka tambayi laburare ko suna da rajista. Wiktionary ma tana da amfani ƙwarai musamman wajen tsallaka harsuna, amma kowa na iya gyara ta, don haka duk abin da ka gani a can ka nemi na biyunsa. Urban Dictionary kuwa, wanda aka buɗe a 1999, mutanen gari ne suke rubuta abin da suka ga dama, bana ɗaukar bayaninsu na asali ko kaɗan, abu ɗaya da nake ɗauka a wajensu shi ne kwanan wata, domin in wani ya shigar da kalma a wata shekara to shaida ce cewa a shekarar kalmar tana nan.

Kalmomin raha irin depresso sukan daɗe a waje kafin manyan ƙamusai su karɓe su, saboda haka in ka rubuta ta baka samu komai ba kar ka karaya, iyayenta zaka nema. Abin kamar binciken aure ne, ba yaron kaɗai ake tambaya ba, ana zuwa unguwarsu a ji waye ubansa, wacece uwarsa, daga ina kakanni suka taso.

Rubuta depress tukuna. Zaka ga ta shigo Turanci a ƙarni na 14 ta hanyar tsohon Faransanci, asalinta kuma Latin ne, deprimere, wato de ƙasa da premere dannawa, danna ƙasa kenan. Da farko dannawa ce ta zahiri ko murƙushe abokin gaba, sai a ƙarni na 17 ta ɗauki ma'anar karyewar zuciya. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wajenmu, mu ma muna cewa abu ya danne min zuciya, ko baƙin ciki ya yi masa nauyi a ƙirji.

Yanzu rubuta espresso. Italiyanci ce, daga esprimere, ita kuma daga Latin exprimere, ex waje da premere dannawa, wato matso abu ya fito. Ka tsaya ka duba da kyau, premere ɗin nan ita ce dai wadda ka gani a depress. Ashe kalmomin biyun da aka haɗa don raha kakarsu ɗaya, ɗaya an danna ƙasa ɗaya an matso waje, shi yasa suka yi kama har haɗin ya yi daɗi a kunne, ba dace ba ne kawai. Kuma sunan ya dace da yadda ake yin abin, ana tura ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa garin gahawa da aka daddanne, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ya tsiyayo ɗan kaɗan mai kauri a ƙaramin kofi. Akwai kuma ma'ana ta biyu da Italiyawa suke ji a kalmar, abin da aka yi maka musamman nan take da ka nema, ka rubuta duka biyun. Wannan zuri'ar ta premere tana da yawa, press, pressure, express, impress, oppress, har da print, kenan firinta da kwamfiresan firij da muke faɗa kullum duk dangin espresso ne.

Wajen karanta ƙamus ɗin akwai 'yan alamu da ya kamata ka sani. Ƙaramin c da ɗigo kafin shekara yana nufin wajen shekara kaza, ba daidai ita ba. L Latin ce, OFr tsohon Faransanci, OE tsohon Turanci. In ka ga tauraro a gaban kalma to ba a taɓa samunta a rubuce ba, masana ne suka hasaso ta ta hanyar kwatanta harsuna. In kuma ka ga perhaps ko probably ko said to be, to kai ma in zaka faɗa wa wani ka ce wataƙila ko an ce, kar ka mayar da wataƙilarsu ta zama tabbas a bakinka, wallahi yawancin ƙaryar da ke yawo a haka take farawa.

Mataki na huɗu, ka leƙa harshen da kalmar take kama da nasu

Depresso tana ƙarewa da o, kunne yana jin Italiyanci, to ka je ka duba ƙamus ɗin Italiyanci, Treccani yana intanet kyauta, ko ka duba sashen Italiyanci a Wiktionary. Abin da zaka tarar shi ne depresso cikakkiyar kalma ce a Italiyanci tun da daɗewa, tana nufin wanda ke cikin damuwa ko wuri mai kwari ko yankin da tattalin arzikinsa ya durƙushe, kuma babu ruwanta da gahawa ko kaɗan. Ba'italiye in ya ce sono depresso yana nufin yana cikin damuwa ne da gaske.

To kenan Turawan Ingila da Amurka aro ta suka yi? Anan ake buƙatar nutsuwa. Kamanni kaɗai ba ya tabbatar da aro. Abin da ya bambanta ta Turancin shi ne gahawar da ke cikin ma'anarta, kuma wannan daga espresso ta samo shi, Italiyanci bai ba ta ba. Ni a ganina abin da ya fi daidai a faɗa shi ne an ƙera ta a cikin Turanci daga depress da espresso, sai ta faɗo daidai kan siffar wata kalmar Italiyanci da dama tana nan, kuma dalilin faɗowar shi ne tushen nan guda na Latin. Wannan matakin kar ka taɓa tsallake shi akan kowace kalma, harsuna cike suke da kalmomi masu kama da juna waɗanda ko dai dangi ne na nesa ko ma babu abin da ya haɗa su.

Mataki na biyar, ka nemo mata lokaci

Asali ba ya cika sai da yaushe. Fara da hankali kafin ka taɓa waya, 'ya ba ta girmi uwarta, depresso mai ma'anar gahawa ba zata riga espresso shiga Turanci ba. Injin farko na irin wannan dahuwar Angelo Moriondo ne ya yi masa rajista a birnin Turin na Italiya a 1884, Luigi Bezzera ya inganta shi a Milan a 1901, sai bayan yaƙin duniya na biyu injin Achille Gaggia mai mariƙin dannawa ya fito da espresso irin wadda aka sani yau, a lokacin ne kuma kalmar ta bazu a bakin masu jin Turanci. Kaga ka samu katanga, duk wanda ya ce maka tun ƙarni na 18 Turawa suke cewa depresso akan rashin gahawa ka san ba haka ba ne tun kafin ka bincika.

Sannan ka shiga neman shaida. A Google ka sa kalmar cikin alamar zance guda biyu domin ya nemo ta ita kaɗai, ka ƙara coffee a gefe, sannan ka rubuta before da ɗigo biyu da shekara, misali before:2015, in ka samu ka ja baya zuwa 2012, ka ci gaba da ja har ka daina samu. A X kuma, wato tsohuwar Twitter, until ake sawa da cikakken kwanan wata, until:2012-01-01. Sai dai ranar da Google yake nunawa a gefen shafi ba kullum take gaskiya ba, shafi na iya zama tsoho amma rubutun da ke ciki sabo ne, saboda haka ka ɗauki adireshin ka kai Wayback Machine, wani shafi mai adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, ka ga yadda shafin yake a waccan shekarar. Duk abin da ka samu ka ɗauki sikirinshot ka rubuta rana.

Akwai kuma Google Books Ngram Viewer, wanda aka buɗe a 2010, yana zana maka layi na yawan fitowar kalma a littattafai shekara bayan shekara. Yana da daɗin kallo amma akan depresso zai iya yaudararka, domin kana iya ganin layin ya motsa tun shekarun 1800 ka fara murna ka gano tsohon tarihi. Kar ka tsaya a layin, gangara ƙasa ka danna shekarun ka buɗe littattafan da kansu ka karanta jimlar. Abin da zaka gani Italiyanci ne da aka tsakuro a cikin littafin Turanci, ko kuma Latin na masana tsirrai da ƙwari da suke siffanta wani abu mai shafaffen kai, domin a Latin ma depresso wata siffa ce ta depressus. Harufan ɗaya ne amma ba kalmarka ba ce. Ƙa'idar ita ce sai ka ga jimlar da idonka kuma ma'anar ta dace sannan ka ƙirga ta. Kuma in ka zo faɗa, ka ce mafi tsufan da na samu shi ne kaza, kar ka ce ranar aka ƙirƙire ta, kalma tana daɗewa a baki kafin ta hau takarda.

Mataki na shida, ka hau sama zuwa ita gahawar da kanta

Tunda rashin gahawa ake magana, bincikenka bai cika ba sai ka duba coffee, kuma nan ne labarin ya zo kusa da gida. Turanci ya karɓe ta wajen ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17, ƙamusai suna bi da ita ta koffie ta mutanen Holan, ita kuma daga kahve ta Turkawa, ita kuma daga qahwa ta Larabci. Ka lura da yadda sautin yake sauyawa a kowane zango, Turkawa suka mayar da w ta zama v, da ta shiga Turai v ta koma f, Italiyawa suka ce caffè, Faransawa suka ce café. Hanyar da kalmar ta bi ita ce hanyar da abin shan ya bi, Sufayen Yaman suna shanta a ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri, ta wuce Makka da Alƙahira, ta isa Istanbul a ƙarni na 16, a 1652 Pasqua Rosée ya buɗe shagon gahawa na farko a Landan. Ko sunan mocha da kake gani a jerin abin sha na tashar jirgin ruwan Mokha ne a Yaman inda ake lodin ta. In tarihin kalma da tarihin abin suka tafi tare haka to alama ce mai kyau cewa kana kan hanya.

Gahawa tamu ta Hausa daga wannan qahwa ɗin take, ba ta bi ta Turai ba. Kuma akwai wani abu a cikinta da nake so ka lura da shi. Kalmomin Larabci da suka shigo mana ta hanyar karatu, harafin ƙaf ɗinsu yakan zama ƙ, alƙalami, alƙali, alƙibla, amma a gahawa g ya zama, kuma haka Larabawan Sudan da Chadi suke furta harafin, gahwa suke cewa. Wannan yana nuna min cewa ta bakin fatake da matafiya ta iso mu, ba ta allo ba. Daga baya kuma sai ga ta ta sake dawowa ta hannun Turawa, a Najeriya muka ce kofi, a Nijar aka ce kafe, kenan kalma ɗaya ce ta shigo Hausa ta ƙofa uku. Amma ka kiyaye, kofin da ake zuba shayi a ciki daga cup yake, sauti ne kawai ya haɗa shi da kofi na gahawa, ga misalin abin da na faɗa a mataki na huɗu a cikin harshenmu. In kana son duba ɓangaren Hausa akwai ƙamus ɗin Bargery na 1934 wanda ake iya bincika shi a intanet, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero.

Daga qahwa zuwa sama kuma masana sun rabu. Malaman lugga na Larabci sun ce da can sunan giya ne, suna danganta shi da wani tushe mai ma'anar rashin jin yunwa, domin abin yana kashe sha'awar abinci. Wasu kuma suna kai ta yankin Kaffa na Habasha inda bishiyar take fitowa da kanta a daji, sai dai masu ja da wannan suna cewa ai a Habasha buna ake kiranta. Kai ba naka ba ne ka yanke musu hukunci, ka kawo duka biyun ka ce an yi saɓani.

Mataki na bakwai, ka tace tatsuniya

Duk kalmar da ta shahara sai an ƙirƙira mata labari. Mafi yawa shi ne a ce maka harufan farko ne na wata jimla, kamar yadda ake yaɗa cewa news ta fito daga north, east, west, south, wannan ƙarya ce, jam'in new ce kawai, sababbin abubuwa. Ita ma coffee an ƙirƙira mata irin waɗannan jimlolin. Ka riƙe wannan, gina kalma daga harufan farko al'ada ce da ta yaɗu a ƙarni na 20, in kalma ta girmi haka aka ce maka gajartawa ce to kusan kullum ƙage ne. Haka labarin makiyayin nan da aka ce ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yan bishiyar, labari ne mai daɗi amma sai a 1671 aka fara ganinsa a rubuce, a hannun wani malamin Kirista Antoine Faustus Nairon a Rum, ɗaruruwan shekaru bayan lokacin da ake cewa abin ya faru. Tambayoyi biyu suna isarka akan kowane irin labari, wa ya fara faɗa, kuma a wace shekara.

Mataki na takwas, ka gwada hannunka da 'yar'uwarta sannan ka rubuta

Kafin ka rufe littafin ka ɗauki decaffeinated ka bi ta da kanka. Zaka farfasa ta zuwa de da caffeine da ated. Caffeine daga sunan gahawa ne a Jamusanci da Faransanci da ɗan ine da masana sinadarai suke liƙa wa abin da suka tato, Bajamushe Friedlieb Ferdinand Runge ne ya fara ware sinadarin a 1819. Cire shi don kasuwa kuma Ludwig Roselius ne, ɗan kasuwar Bremen ta Jamus, ya yi wa hanyarsa rajista a 1906 ya kafa kamfanin Kaffee HAG, a Faransa aka sayar da ita da sunan Sanka, daga sans caféine, babu kafin. Anan de ɗin cirewa ce ta gaske, saɓanin ta depresso, kuma ko an cire ɗin akan bar ɗan kaɗan a ciki.

Shi kansa halin da depresso take siffantawa gaskiya ne, wanda ya saba da shan sinadarin kafin kullum in ya daina ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan fara bayan awa 12 zuwa 24, su ɗauki kwana 2 zuwa 9. Mai cin goro da mai shan shayi mai kauri sun san wannan a kwanakin farko na azumi, domin sinadarin ɗaya ne. Amma in zaka yi wa mutane bayani don Allah ka raba shi da ciwon damuwa na gaske wanda likitoci suke kira depression, wannan cuta ce mai buƙatar asibiti, kofin gahawa ba ya maganinta, kuma bai kamata raha ta sa a raina masu fama da ita ba.

Wajen rubutawa ka fara da abin da ya tabbata, ka biyo da wanda ake saɓani, ka faɗi wanda ka jefar da dalilin jefarwar. Misali kana iya cewa, depresso kalmar raha ce ta Turanci mai nufin ƙuncin rashin gahawa, an narke ta daga depress da espresso, dukkansu daga premere ta Latin mai nufin dannawa, tana kama da depresso ta Italiyanci amma waccan ba ta da alaƙa da gahawa, mafi tsufan misalin da na samu shi ne na shekara kaza a wuri kaza. Ka liƙa sikirinshot ɗinka a ƙasa, ka sa ranar da ka yi binciken, in wani ya kawo maka misalin da ya girmi naka ka buɗe shi ka karanta jimlar kamar yadda ka yi a mataki na biyar, in ma'anar ta dace ka sauya shekarar.